Filin Rolant

In ka tambayi mutanen kwarinmu ko wane ne Enoc Prys, amsar da za ka samu tana bin ƙofar da ka ƙwanƙwasa. Tsofaffin matan majami'armu ta Horeb za su ce maka in ya hau mumbari muryarsa ta kama, har tumakin da ke kan tudu ɗaga kai suke yi. Masu fasa dutse sun ce ya taɓa shiga kasuwar shekara ana tsaka da dambe, hula kawai ya cire, fili ya watse. Watcyn mai kanti, wanda ya daɗe a kujerar dattawa, cewa yake, "Ba don Mista Prys ba, da har yau bebaye muke a bakin kabarin iyayenmu." A gidan giya kuwa Enoc Katanga suke kiransa, wai da ka yi masa magana da ka yi wa bango duk ɗaya, sai dai shi bango ba ya mayar maka da aya. Akwai wata da ta rantse mini ta taɓa ganin haƙoransa ranar da akuya ta bi limamin coci da gudu, amma ba wanda ya gaskata ta.

Mutum ɗaya ne in an tambaye shi ba ya cewa komai, Rolant na gonar Cae Hir. Da can yakan ce, "Enoc? Ai na san shi tun yana satar ƙwai. Bai iya ɗora dutse a kan dutse ba." Daga baya sai dai ya gyara zaman lofensa, ya dubi sama ya ce ruwa na zuwa.

Ni Lowri, ni ke riƙe da gidan da ke manne da majami'ar: shara, goge fitilu, dafa wa baƙin masu wa'azi shayi. Mutane suna magana a gabana kamar yadda suke yi a gaban buta, shi ya sa na tara abin da na tara. Baƙaƙe kuwa sai da furfura ta fito mini na koye su a makarantar Lahadi.

Ina yarinya Leisa 'yar Enoc ta rasu. A lokacin ɗinkin takalma yake yi, ranar Lahadi ya yi wa'azi a rumbun wannan ko ɗakin girkin wancan. Mu ba ma yi wa yaro baftisma sai ya girma ya nema da bakinsa, Leisa kuwa ba ta kai ko'ina ba zazzaɓi ya ɗauke ta. Maƙabarta ɗaya ce a kwarin duka, ta cocin sarauta, wanda ba namu ba ne, kuma a cikinta ba mai buɗe baki sai limamin cocin. Limamin ya ce yarinyar da ruwansa bai taɓa ba, ba shi da abin karanta mata. Aka sa ta a gefen arewa inda rana ba ta kaiwa, ba abin da ake ji sai ƙarar shebur. Uwata ta ce Enoc ya fita ya tsaya a kan hanya, bayan katangar cocin, inda dokar liman ba ta kai ba, ya dafa duwatsun ya fara magana. Nan aka fara jin muryar nan tasa. Ya ce muddin yana numfashi, ba za a ƙara sa wani nasa a ƙasa kamar ana binne kare ba.

Filin da za mu gina majami'a da maƙabartarmu ne ya gagara. Gonakin kwarin duk na mutum ɗaya ne, shi kuma ɗan coci ne, duk manomin da ya ba mu ko taku ɗaya ya san zai kwana a kan hanya da iyalinsa. Cae Hir kaɗai ce ba haya ba, gadon kakan Rolant ce. Rolant ya yanke kusurwar gonarsa mafi kyau, mai fuskantar kudu, inda ciyawa ke fara fitowa in sanyi ya wuce. Matarsa Sioned ta daina yi masa magana na ɗan lokaci, sannan aka gan ta tana kai wa magina burodi da cuku.

Rolant ne ya yi ginin, Enoc yana jigilar duwatsu. Mu yara muna zama a kan tudu muna jin su.

"Kai Enoc, ajiye dutsen nan kafin ka karya bayanka. Tsaya daga nan ka yi masa wa'azi, ko zai tuba ya hau da kansa."

"Kai dai arne ne aka ba guduma."

"Arnen ne zai hana rufin nan faɗo maka a ka. Miƙo mini ruwa."

A wurinmu "kai" ba kalmar da ake jefa wa kowa ba ce. Allah ake ce wa kai, da yaro, da kare, da wanda kuka tashi kuna cin kwano ɗaya. Sauran duniya duk "ku" ne. Da aka ɗora wa Enoc hannu ya zama fasto, kowa ya koma Mista Prys da "ku", har ƙannensa. Rolant kaɗai bai canja ba, Enoc kuma bai nemi ya canja ba.

Ranar da aka buɗe Horeb, Enoc ya tsaya a filin bayanta ya kafa doka da bakinsa. Ƙasar nan ta 'yan ikilisiya ce da 'ya'yansu, duk wanda ya mutu cikin zumuncinta za a sa shi da addu'a da waƙa. Wanda ya fita daga zumunci ya nemi wani wuri. Ba wanda ya kula da wutsiyar maganar, murna ake yi. Da Sioned ta rasu aka sa ta kusa da katangar kudu, Rolant ya kawo faffaɗan dutse ya shimfiɗa a gefenta.

"Kada wani ya haye mini gado," ya ce.

Da yamma yakan zauna a kan dutsen yana ba ta labarin tumaki.

A shekarar da dusar ƙanƙara ta kashe garkuna ne abin ya faru. Deio, ɗan wata gwauruwa mai suna Mali, ya rasa tumakinsa duka, wakilin mai gonaki kuma ya ce su tashi kafin bazara. Aka tsamo shi daga gurbin ruwan da ke ƙasan gada, aljihunsa cike da duwatsu. Kowa ya san abin da ke jiransa a coci: a sa shi bayan duhu ya yi, ba liman, ba kalma.

Mali ta zo gidan majami'a ina zuba wa Enoc shayi. Ba ta zauna ba.

"Mista Prys, ku kuka nutsar da shi a rafin nan ranar baftismarsa, kuka fito da shi. Har kuka ce nauyinsa kamar ɗan maraƙi. Kun tuna?"

"Na tuna, Mali."

"To ku ba ni taku biyu a bayan nan. Ko a lungu ne."

"Ya jefa wa Allah kyautarsa a fuska. Da hannunsa ya fitar da kansa daga cikinmu. In na buɗe masa ƙasar nan, me zan ce wa samarin da ke kallona?"

Ba ta yi kuka ba. Ta ja mayafinta ta fita, ta bar ƙofa a buɗe. Ta nan Rolant ya shigo, da laka har idon sawu, a kan daɓen da na goge.

"Kai, gaskiya ne abin da na ji?"

"Doka ce, Rolant."

"Daga sama ta faɗo? Ina tsaye a gefenka ka yi ta, mura ma kake yi ranar."

Enoc ya ci gaba da juya cokali a kofi.

"Enoc, ka manta Leisa?"

Cokalin ya tsaya. "Kada ka ƙara haɗa sunanta da nasa."

"Ni ba suna na haɗa ba. Ni na riƙe shebur ranar, ka tuna? Ban manta ƙararsa ba."

Washegari da hantsi, kowa na gani, Rolant ya haƙa rami a kusurwar filin Horeb. Masu fasa dutse suka kawo akwatin a kafaɗa. Enoc ya tsaya a ƙofar majami'a ya harɗe hannu, bai hana ba, bai matso ba. Rolant ya cire hula ya yi addu'ar Ubangiji, ya tsallake wani wuri, ya koma ya gyara. Mali ta ce amin.

Ranar Laraba aka yi seiat, taron da ake rufe ƙofa 'yan ikilisiya su tone zukatansu a gaban juna. Ina bencin baya. Enoc ya sauko ya tsaya a gaban kujerar dattawa.

"Rolant Cae Hir, ku tashi."

Ba wanda bai ji "ku" ɗin ba. Rolant ya waiwaya dama, ya waiwaya hagu, har ya leƙa ƙarƙashin benci.

"Mu nawa ne?" ya ce.

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta.

"Kun haƙa kabari a ƙasar Horeb bayan an hana. Kun yarda kun yi kuskure?"

Rolant ya miƙe a hankali. Ya daɗe yana kallon Enoc, kamar yana jiran wasan ya ƙare.

"A addu'ar na yi kuskure, wannan na yarda. Ramin kuwa daidai yake, mai shakka ya je ya auna."

Aka ɗaga hannuwa, aka fitar da shi daga zumunci. Watcyn ya je ya buɗe ƙofa ya tsaya a gefe. Rolant ya ɗauki hularsa, a bakin ƙofa ya shafa dutsen da ke samanta, wanda shi ya sassaƙa, ya juyo.

"Sai da safe, Mista Prys. Allah ya tashe ku lafiya."

Aka rufe ƙofa a bayansa, aka ta da waƙa.

Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Kowace Lahadi Rolant yakan zo ya zauna a kan katangar da ta raba gonarsa da filin, ƙafafunsa a ɓangarensa, yana jin waƙa ta taga. In ruwa ya rushe wani gefen katangar, kafin dattawa su gama shawara an gyara, ba a tambayi wanda ya yi ba. In sun haɗu a hanya sai Rolant ya taɓa hula.

"Mista Prys, kun tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ku fa?"

"Ruwa na zuwa."

Horeb ta cika har aka yi mata bene, sannan ta fara raguwa. Samari suka gangara kudu wurin haƙar kwal, wasu suka haye teku ba su ƙara dawowa ba. Matar Enoc ta rasu, ya dawo ɗakin baya na gidan majami'a ina dafa masa. Muryar ta tsage. Dattawa suka kawo wani saurayi daga kwaleji yana yin wa'azin safe, aka bar wa Enoc na yamma, lokacin da rabin mutane ke gyangyaɗi. Har yanzu suna miƙewa in ya shigo, amma in ya yi magana a taro, Watcyn ake kallo a ga abin da fuskarsa ta ce. Wani lokaci ina samunsa a taga yana kallon faffaɗan dutsen nan da ciyawa ta kewaye. In ya ji motsina sai ya tambayi ko ruwan shayi ya tafasa.

A ƙarshen wata kaka Nest, 'yar Rolant, ta zo ta tsaya a ƙofar baya.

"Baba ya kwanta, ƙirji ne. Ya ce a tambaya ko wurinsa na nan."

Enoc ya ji ta daga ciki. Ya fito da sanda da hula. Na ɗauki romon tunkiya na bi su, don ƙafarsa ba ta riƙe shi a kan tudu.

Mun sami Rolant a gadon da ke kusa da murhu, an jingina shi da matasai. Hannuwan nan da suka ɗaga Horeb suna kwance a kan bargo kamar itacen da ruwa ya jefar.

"Baba, ga Mista Prys."

"Ba su kujera, Nest. Ba waccan ba, ƙafarta ɗaya gajera ce, kada a ce na kayar da Horeb. Lowri, ke ma har kin tsufa? Me kika kawo? In romon nan naki ne mai gishiri, to ƙarasa ni kika zo yi."

Enoc ya zauna, ya ɗora hula a gwiwa.

"Na zo ne a kan maganar wurinku."

"Dutsen na nan?"

"Yana nan."

"Ta daɗe tana jira. Kun san Sioned ba ta da haƙuri. Ko coci muka makara sai na sha magana, balle wannan."

"Ba sai kun zo seiat ba," in ji Enoc. Da sauri yake magana, kamar wanda ya haddace a hanya. "Ga Lowri, ga Nest, sun isa shaida. Ku ce kun tuba, in kai wa dattawa. Magana ce gajera."

Rolant ya yi tari har Nest ta riƙe shi. Da ya lafa ya goge baki.

"Mali na nan da rai, ko? Ta makance amma kunnenta ras. A je a gaya mata Rolant ma ya ce ɗanta bai cancanci ƙasar ba? Sannan a kai ni a kwantar kusa da yaron, in yi ta juya masa baya har tashin ƙiyama?"

"Don a samu hanya ne kawai."

"Ashe kun iya neman hanya." Ya yi ɗan murmushi. "Ni ma akwai maganar da nake jira, Mista Prys. Ta ma fi taku gajarta."

Nest ta tsaya da cokali a hannu. Na ga leɓen Enoc ya buɗe, ya sake rufewa. Mutumin da ke yin wa'azi har fitila ta ƙone bai nemi kalma ba, ga shi yana kallon hularsa. Rolant ya zuba masa ido, yana jira, irin jiran da ya yi a seiat.

Enoc ya miƙe.

"Allah ya ba ku sauƙi."

Rolant ya rufe ido. "Amin. Ku kula da dutsen ƙofa, yana da santsi."

A hanyar komawa ni da Enoc muka kai gada. Ya tsaya yana kallon gurbin ruwan.

"Gobe zan koma, Lowri."

Washegari aka tashi da ruwa. Da ruwan ya ɗauke ya ce bari ya shirya abin da zai faɗa. Ina gugar tufafi ina jin sa ta bango yana kai da komo, yana cewa "Rolant," ya yi shiru, ya sake cewa "Rolant." Yana cikin shirin ne mijin Nest ya zo da hula a hannu, ya ce Rolant ya rasu.

Dattawa suka zauna a ɗakina, don nan ne akwai wuta. Na zuba musu shayi na koma kusurwa.

"Za a sa shi a gefen matarsa," in ji Enoc.

Watcyn ya hura shayinsa. "Ya tuba?"

"A'a."

"To, Mista Prys."

"Ni na yi dokar. Ni kuma nake ɗage ta."

"Ku kuka koya mana ita, muka riƙe ta da hannu biyu. Ɗan ƙanena da giya ta kashe, ina yake kwance? A coci, gefen arewa. Na zo muku har ɗakin nan, kuka ce mini ƙasar Horeb ba ta san ɗan'uwa ba. Na haɗiye. Matar Tomos maƙeri fa? Yanzu a buɗe wa Rolant, in je in ce wa ƙanena me? Wai shi ɗansa ba abokin fasto ba ne?"

"Filinsa ne. Shi ya ba mu."

"Ya bayar, ya zama na Horeb."

"To ku ba shi wurina, ni a kai ni coci."

"Ba naku ba ne da za ku bayar."

Enoc ya buga sanda a ƙasa. "Ni na gina ɗakin nan!"

Tsoho Lewsyn, wanda kowa ke zaton barci yake yi, ya ɗago kai. "A'a, Rolant ya gina. Ku ruwa kuke miƙawa." Ya yi 'yar dariya shi kaɗai, sannan da aka ce a ɗaga hannu ya ɗaga tare da Watcyn.

Saurayin kwalejin bai ɗaga ba, yana ta kallon takalmansa. Suka sha shayinsu suka gode mini suka tafi.

Da safe na leƙa taga na ga Enoc a filin, ba hula, riƙe da shebur ɗin da ake ajiyewa a bayan majami'a. Ya cusa bakin a ƙarƙashin faffaɗan dutsen ya danna da dukan nauyinsa. Dutsen bai motsa ba. Rolant ya kwantar da shi yadda yake kwantar da dutse, kuma saiwar ciyawa ta riƙe shi. Ya sake, ƙafarsa ta zame ya zauna a laka. Da na isa wurinsa bai ɗago ba.

"Je ki kira mini masu fasa dutse."

"Waɗanda kuka sani sun mutu, Mista Prys. 'Ya'yansu suna kudu."

Na ɗaga shi na shigar da shi ciki, na wanke masa hannu.

Aka ɗauki Rolant zuwa coci. An yayyafa masa ruwan cocin yana jariri, don haka sabon limamin, mutum ne mai sauƙin kai, ya ce zai karanta masa. Nest ta ce a'a. Ta ce Baba ya bar magana: wanda yake so ya yi magana a kansa ba zai yi ba, don haka a sa shi shiru. Limamin ya rufe littafinsa ya koma gefe. Wurin da ya rage a maƙabartar gefen arewa ne.

Mu mata muka tsaya a kan hanya. An kawo Mali ma, jikarta tana riƙe da hannunta. Mutanen Horeb sun zo da yawa, har Watcyn da baƙar rigarsa ta Lahadi. Enoc bai shiga ƙofar ba. Ya bi ta bayan katanga yana dogara sanda, har ya kai daidai inda uwata ta taɓa nuna mini, ya dafa duwatsun. Tsofaffi suka fara taɓa juna. Wata ta ce mini a kunne, "Ke, yau za mu ji wa'azi irin na da." Mutane suka baro ƙofa suka taru a bayansa, maza suka cire huluna.

Daga ciki aka fara jin shebur.

Enoc ya buɗe baki, abin da ya fito bai wuce gemunsa ba. Ni da ke kusa na ga leɓensa kawai.

"Me ya ce?" in ji Mali. "Ban ji ba. Me Mista Prys ya ce?"

Enoc ya saki sandar ta faɗi. Ya kama katangar da hannu biyu ya ja jikinsa sama har haɓarsa ta kai bakinta, inda zai iya hango ramin, an kusa cika shi. Sai muryar ta zo, a tsage, amma da ƙarfin da ya sa mai shebur ya tsaya cak.

"Rolant! Kai ne da gaskiya. Kai, Rolant, ka ji ni? Ni na yi kuskure. Ka yafe mini."